Gwaggo da Kumfar da Ta Ƙi Tafiya

Gwaggo ce ke share ɗakin gwaji na bene, kuma ta riga duk na'urorin da ke ciki zuwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun kama gabansu, sai ta mai da ɗalibai abin tsokana. Farfesa ma bai tsira ba. In ya taka mata inda ta goge, sai ya ji tarihin takalminsa.

Wadda ta fi shan tsiyarta ita ce ɗalibar da ta laƙaba wa suna Makiyayiya. Aikin yarinyar shi ne ta ɗiga ruwa mai garin zinari, wanda ido ba ya gani, a kan ɗan gilashi, ta haska shi da siririn haske. In garin zinarin ya yi zafi, sai 'yar mitsitsiyar kumfa ta fito, duk inda aka kai hasken ta bi.

"Wasu na kiwon awaki, ke kina kiwon kumfa," in ji Gwaggo. "Yaushe za a fara tatsa?"

Ranar da masu jarrabawa za su zo, maganar ɗaya ce: in kumfa ta ƙi tafiya a gabansu, yarinyar ta maimaita shekara. Gwaggo ta yi sammako, ta tarar da gilasan a jere. Baƙi su zo su ga kayan Makiyayiyarta ba ƙyalli? Ta wanke su tas da sabulun kwanuka mai ƙamshin lemo.

Da yarinyar ta zo gwadawa kafin baƙi su iso, kumfa ta fito, ta yi zamanta. Makiyayiya ta kai haske dama, ta kai hagu. Can ta ɗaga gilashin ta shinshina.

"Gwaggo, sabulu? Ko ɗigonsa ya shiga ruwan nan, kumfa ba ta bin zafi."

"Kin gan ni da idonki?"

"Sai na haɗa sabo. Ga su can suna hawowa."

Gwaggo ta ɗauki bokitinta ta fita, ta tuntsurar da shi a bakin matakala.

"Ranku ya daɗe, ba mai wucewa. Nan wani ya karya ƙugu."

Ba wanda ya taɓa karyewa a wurin. Ta shiga goge ƙasa a hankali, tana tura ruwan wajen ƙafafunsu, suna ja da baya. Babban baƙon ya duba agogo ya ɗaga ƙafa.

"Ɗana, mahaifiyarka na da rai? Haka kake taka mata aiki?"

Ya mayar da ƙafarsa. Ta ba su labarin ciwon gwiwarta tun daga farko, har ƙofa ta buɗe, yarinyar ta leƙo a jiƙe da gumi.

Kumfa ta bi haske kamar an ɗaura mata igiya, baƙi suka sa hannu.

Har yau yarinyar ba ta ɗaukar gilashi, ko na shan ruwa ne, sai ta shinshina. Gwaggo kuwa tana nan tana gaya wa sababbin ɗalibai cewa rabin digirin nan nata ne.