Jar Motar Alhaji Bashir Mai Tafiya a Karkace

Ku da komai sai kun jona kwamfuta, ku matso ku ji. Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Bashir ya sake dawo min da jar motarsa ba. Da damina ne, maigidana bai daɗe da sakar min ragamar garejinmu na Ƙofar Kabuga ba.

Motar 'yar ƙarama ce ƙirar Ingila, kujera biyu, ba rufi, kuma ta girme ni. Gadon mahaifinsa ce, ɗaya daga Larabawan nan 'yan kasuwa na cikin birni, shi ya sa yake lallaɓa ta kamar ƙwai. Ciwonta ɗaya, tafiya a karkace. Gaba ya nufi gabas, baya yana leƙen kudu, tayar baya ta hagu tana cinyewa ta gefe guda.

Ga wanda ba bakanike ba, zare muke ɗaurawa daga tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. In ya kwanta daidai a jikin tayoyin, ƙafar baya tana kan saiti. Tata ƙafar kuwa ta goce daga kan sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, don santabol, ƙusar da ke riƙe ta, ya lanƙwashe. Na canza, zare ya kwanta lafiya lau. Kafin Juma'a ta zagayo sai ga ta a karkace. Na sake, har da sabon bushin, robar da ke jikin sifirin. Ta kuma dawowa.

Alhaji mutum ne da ko akuya ya gani sai ya gaishe ta, amma rannan a tsaitsaye ya amsa min.

"Malam Habu, ko aikin ya fi ƙarfinka ne? In ta ƙara, motocin gidanmu kaf zan kwashe in kai Sabon Gari."

Motocin gidansu kuwa su ne rabin abincinmu. Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, anya ba ramuka kake faɗawa ba?"

"Ni? Ko kaza ban taɓa takawa ba!"

Na gyara, na ce yau sai na raka ta makwancinta. Na bi shi a babur. Tsakani da Allah tuƙinsa ba laifi, har muka shiga lungunsu ta Ƙofar Mazugal, lungun da in mai kurar ruwa ya shigo sai kowa ya manne da bango. A kwanar gidan akwai dakali, dattawan unguwa na zaune, babbansu Baba Mala, wani tsohon Babarbare aminin mahaifinsa. Alhaji na hango su ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu. "Barkanku da hutawa! Baba, ya ƙarfin jiki?"

Mota ta ci gaba da shan kwana da kanta. Sai ji na yi ƙwam! Tayar baya ta daki wani tsohon dutsen niƙa a gindin dakalin, ta yi tsalle ta shige gida. Alhaji ko a jikinsa, yana ta amsa gaisuwa.

Na yi salati. To wa zai ce wa Alhaji bai iya tuƙi ba? Wa kuma zai ce ya daina gaida manya? Na durƙusa gaban Baba Mala na zayyana masa komai, na roƙi a cire dutsen.

Ya ce, "Wannan dutsen? A kansa nake alwala tun ba a haife ka ba. Ƙarar ma amfani take mana. Da mun ji ƙwam mun san Bashir ya dawo, La'asar ta kusa."

Na ce, "Baba, ƙarar nan tuwon iyalina take ci."

Sai ya sa aka kira Alhaji. Ko sunan dutse bai ambata ba.

"Bashir, yaushe ka zama gwamna? Ubanka da motar nan a bakin lungu yake tsayawa, ya sauko ya ba mu hannu. Kai kuwa sai daga zaune?"

Alhaji, da furfurarsa, ya sunkuyar da kai. "Tuba nake, Baba."

Tun daga ranar sai ya tsaya, ya sauko ya gaisa, sannan ya sha kwanarsa da hannu biyu a kan sitiyari. Motar ba ta ƙara karkacewa ba. Da ya kawo ta canjin mai, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Habu, wannan karon ka gano ta!"

Na ce, "Ai sai da na haɗa da wani babban injiniya, Alhaji."

Saboda haka in aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ku fito daga ƙarƙashin mota ku raka ta gida. Zare zai nuna muku ƙafa ta goce, amma ba zai gaya muku wa mai motar yake gaisarwa ba.