Rimot Uku da Kunnen Baba

Shekarun baya, lokacin da idon mahaifina ya fara rauni, yayana da ke Jamus ya aiko masa da kayan kallo: talabijin mai faɗi, da dikoda, da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai sifika biyar. Ranar da aka sauke kwalayen a gidanmu na unguwar Nima, duk 'yan haya sun fito tsakar gida suna kallo. Mai haɗawa ya zo ya haɗa, ya nuna mana sau ɗaya, ya ajiye rimot uku a kan tebur, ya tafi abinsa.

Kafin ka ga hoto ka ji sauti, sai ka kunna talabijin da rimot ɗinsa, ka kunna amfilifaya, ka zaɓa mata hanyar da sauti zai shigo, sannan ka tayar da dikoda ka nemo tasha. In ka kuskure ɗaya, sai ka ga malami yana motsa baki ba murya.

Mahaifina ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a unguwar Kawukudi. Mutumin da ake kawo wa aiki daga unguwanni, yau ga shi yana laluben maɓallai ƙanana da ba ya iya karanta rubutunsu. Da farko yakan kira mahaifiyata ta kunna masa. Daga baya ya daina kira. Ya ce talabijin ɓata lokaci ne, ya mayar da tabarmarsa bakin ƙofa. Mun san ba haka ba ne.

A shekarar ne mahaifiyata ta tafi aikin Hajji. Saura 'yan kwanaki hawan Arfa, ina zuba masa koko da safe, ya ce yana so ya kalli tsayuwar, ko Allah zai sa ya hango ta. Ni kuma ranar ina da aikin safe a asibitin da nake aikin jinya a unguwar Maamobi, ba kuma wanda zai karɓe ni. Ya ce kada in damu, zai saurara a rediyo. Yadda ya faɗi maganar ne ya tsaya mini a rai.

Wata abokiyar aikina ta gaya mini akwai rimot da ke koyon aikin sauran, har a jera masa umarni da yawa a maɓalli guda. Wai makro ake ce wa jerin. Na hau trotro, motar haya, zuwa kasuwar Makola na samo shi. Mai shagon ya tambaye ni wa zai saita mini. Na ce ni, da murya kamar wadda ta saba, alhali ko agogon wayata ƙawata ce ta gyara mini.

Ranar Asabar bayan azahar na baje a falo da takardar bayani. Na haɗa kan sabon rimot da na tsofaffin, ina danna wancan, wannan yana haddacewa. Wannan bai ba ni wahala ba, har na fara jin kaina. Na jera umarnin ɗaya bayan ɗaya, na ajiye su a babban maɓallin sama, na danna. Talabijin ya kama, amfilifaya ta kawo wuta, tashar Makka ta fito. Sauti babu.

Na goge na sake. Na sake gogewa. A karo na shida gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Na kira yayana, ya ce in bar wahalar da kaina in nemo mai haɗawar, wannan ba aikin allura ba ne. Na kashe wayar ina jin kamar in yi kuka.

Duk wannan abin Baba yana bakin ƙofa da carbinsa, ya juya wa falon baya. Sai na ji ya ce, "Kashe komai. Sake dannawa in ji."

Na danna. Ya karkatar da kai, leɓensa yana motsi.

"Kin ji wannan ƙas ɗin?"

Na ce ban ji komai ba. Ya taso ya shigo, karo na farko cikin watanni, ya durƙusa kusa da amfilifayar ya sa na maimaita. A wannan karon na ji shi, wani ɗan ƙara a cikinta, bayan fitilarta ta kama da ɗan lokaci.

"Sai ta yi wannan take farkawa," in ji shi. "Ke kuma kina ba ta saƙo tun tana barci. Na ƙirga huɗu. Ce wa abin naki ya jira."

Na buɗe takardar, sai ga shi a shafin da na tsallake: ana iya sa jinkiri tsakanin umarni da umarni. Na sa daƙiƙa huɗu bayan kunna amfilifaya. Baba ya ce in ƙara ɗaya, na'ura ma tana da ranar kasala. Na miƙa masa rimot ɗin, na ɗora yatsansa a kan maɓallin.

Ya danna. Talabijin, fitila, shiru, ƙas, sai karatun Alƙur'ani ya cika falon daga kusurwa biyar. Wata 'yar haya da ke daka fufu a tsakar gida ta tsaya da taɓarya a hannu. Baba ya sake neman in kashe don ya kuma kunnawa. Na shirya wani maɓallin na kashewa, na liƙa ɗan dutsen ado guda a kan na kunnawa, biyu a kan na kashewa, don yatsa ya gane su ba sai da ido ba.

Ranar Arfa ina tsakiyar aiki wayata ta yi ƙara. Da ƙyar nake jin muryarsa saboda talbiyya da surutun dattawa. Ashe abokansa na masallaci ya tara, su takwas.

"Ni na kunna musu," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa ya ga mahaifiyata ta wuce, sanye da fararen kaya. Ban yi masa gardama ba.

Da Hajiya ta dawo, ta tarar rimot ya koma aljihun rigar Baba, ita ce yanzu ke neman a kunna mata. Har yau tana mita a kan wannan.

Na shiga aikin ne da tunanin zan sauƙaƙa wa tsoho rayuwa. Ban taɓa kawowa a raina in tambaye shi ba, ni da yayana da mai haɗawar duka, mun ga idonsa ya tafi sai muka ɗauka saninsa ma ya bi shi. Abin ya canza yadda nake aiki. Yanzu in an kawo mini dattijo a asibiti, 'ya'yansa suna ta ba ni bayani a kansa, nakan bari su gama. Daga nan sai in ja kujera kusa da shi, in ce, "Baba, kai me kake ji?"