Ranar da Munawwara ta ji ƙauri

Ƙanwata Munawwara tun tana ƙarama da hanci take gani. Muna zaune a tsakar gidanmu a Kwandiko, sama fes ba ko gajimare, sai ta lumshe ido ta ce a kwashe shanya, ana ruwa wajen Farin Dutse, ga ƙamshin ƙasa nan tafe. Inna ta yi dariya, amma sai ta kwashe. Ni da na ba ta shekara shida ba abin da nake ji sai hayaƙin murhu.

Hancin nan shi ya zame mata sana'a. Da ta yi aure a Gwaram ta kama yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da kaskon da Inna ta bar mata. Sauran mata sai sun murza gyaɗa a hannu kafin su san ta soyu. Ita kuwa daga bakin rijiya za ta ce a sauke, ta yi. Shekara goma sha ɗaya ba ta ƙona ko mudu ɗaya ba.

Bara, bayan sussukar gero, mura ta kama ta. Murar ta tafi, hancin ya ƙi buɗewa. Goshi nauyi, ƙarƙashin ido ciwo, magana kamar daga cikin tulu. Ta je asibiti ta sha magani, ciwon kan ya ragu, ƙamshi kuwa shiru. Wata huɗu ana haka. Sau uku gyaɗa tana ƙonewa a gabanta. Ta ce min duniya ta zame mata hoton bango, tana kallo amma ba ta ciki, ko kan goyonta ta shinshina ba ta jin komai. Rannan ta kife kaskon, ta ce in wata ya mutu hancin bai dawo ba, kyautar da kaskon za ta yi ta huta.

Shi ne na ɗauko ta zuwa wajena a Birnin Kudu. Maƙwabciyata Rose, muna ce mata Maman Friday, a kyamis take aiki. Ta kawo mana wata 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, man ganyen turare ne, irin dogayen bishiyoyin nan na bakin firamarenmu. Ni rubutun jikin kwalbar ba karanta shi zan iya ba. Na kwantar da kan Munawwara a cinyata zan ɗiga mata a hanci, Maman Friday ta cafke hannuna.

"Maman Ikrima, ƙona mata hancin za ki yi? Ba a ɗigawa a ciki, ba a sha. Ɗigo uku a ruwan zafi, ta lulluɓa ta rufe ido. Jaririn kuma a fita da shi."

Ta ce in an yi mako ba sauƙi, mu koma wajen likita.

Safe da yamma muke surace. Munawwara tana ƙarƙashin zane, tiriri yana fita ta gefe, muryarta tana fitowa a hankali. Wai tana ganin hanyar makaranta, ganyen turare yana zubowa, Inna tana tafe da tulu amma ba ta ƙarasowa. Kwana uku gumi kawai. Rana ta huɗu majina ta fara saukowa, goshin ya ɗan saki.

Rana ta shida na ɗora shinkafa da wake, na dawo na zauna kusa da ita. Tana ba ni labarin wata damina da muka ɓuya a rumfar gona, ruwa yana dukan kara. Ni ma na tafi can, har ina jin sanyin a ƙafata. Sai ta katse labarin. Ta yaye zanen, fuska sharkaf, ta juya wajen ƙofa.

"Yaya, me kika ɗora?"

"Shinkafa."

"Ta kama."

Ni ban ji komai ba, ɗakin duk man turare ne. Na ruga madafa. Wallahi ta kama, yanzu ma ta fara. Da tukunyar na dawo a guje, ko zafinta ban ji ba, na dire mata a gaba. Ta sunkuya ta ja numfashi, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ashe ƙauri ma daɗi gare shi," in ji ta.

Ranar ƙanzo muka ci, ina rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya, har Maman Friday ta leƙo ta katanga. Munawwara ta karɓi ɗanta ta tusa hanci a kansa, ta ƙi ba kowa shi har la'asar.

Hancin bai dawo duka ba, sai a hankali, wani lokacin ma ya sake toshewa. Ta ce bana in ana sussuka da ƙyalle za ta rufe shi. Amma kaskon Inna yana kan wuta. Shekaranjiya na je Gwaram, muna hira a zaure, ta lumshe ido ta ce, "Yaya, shiga ki sauke min gyaɗar nan." Na shiga na murza a hannu. Ta yi.