Makeron Ɗiyar Iro

Ranar da ba ta fita raina a aikin nan wata Laraba ce, daminar bara waccan, a ɗakin shan magani na wani ƙauye gefen Ruma. Ni atanda ne, wato mai shara da wanke ciwo. Shekara goma sha tara ina mataki ɗaya. Oganmu mai takarda ya koma Batsari saboda ɓarayin daji, sai ran kasuwa yake leƙowa. Ni aka bar wa makulli da kantar magani wayam.

Iro, ɗan sa-kai, ya kawo ɗiyarsa Hansatu, 'yar shekara shida, makero ya ci mata kai. Man shafawa ya ƙare tun azumi. Na ce ya sayi bekin soda wurin masu cincin, a kwaɓa da ruwa a shafa, don na taɓa jin Oga ya faɗa wa wata haka.

Ban ce kada a kankare ba. Mutanenmu kuwa ba su yarda magani ya shiga sai sun ga jini. Uwar ta kankare da reza, ta cusa hodar, ta ɗaure da tsumma.

Bayan kwana huɗu sai ga Iro, bindiga a kafaɗa, yarinya a hannu. Kan ya kumbura yana ruwa, jiki kamar garwashi.

"Likita, mi ka sa muka yi ma ɗiyata?"

Na kira Oga a waya. Ya ce, "Wa ya aike ka? Tsintsiya aka ba ka." Ya kashe.

Na ce, "Malam Iro, ni ba likita ba ne, kuma ni na jawo. Amma harbina ba zai sauke zazzaɓin nan ba. Tada babur."

Ya miƙo mani ita, ya tada babur. Na wanke ciwon da ruwan gishiri, na riƙe ta a tsakaninmu, muka bi hanyar da ba a bi bayan la'asar. Kwananta tara a asibiti. Ta tashi, amma gashi bai sake fita a wurin ba.

Takardar tuhuma ni kaɗai aka ba. Ban yi mamaki ba, ƙarami ke ɗaukar kaya.

Ku sababbin shiga aikin nan, kada ku ba da maganin ji-ta-ji-ta. In kun faɗa wa mutum abu, ku tambaye shi yadda zai yi in ya koma gida. Ni ban tambaya ba. Har yau Hansatu ba ta cire ɗankwali, ko a ɗakin uwarta.