Takalman Kaka a Bakin Kogi

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai jawo wa Kawu matsala, ko da yake ya ce ba wanda zai kama shi yanzu. Amma shekaranjiya na fito tsakar gida na tarar da silifas ɗin 'yata a kife, kafin in yi tunani ƙafata ta riga ta birkice shi. Sai Kaka ta faɗo mini a rai.

Na gama aji shida ke nan Kawu, wan mahaifiyata, ya aiko a kai masa Kaka Amurka a yi mata aikin ido. Aka haɗa ta da ni don in ɗebe mata kewa. Gidansa yana Fort Washington, kusa da kogin Potomac. Da aka yi aikin idon ya buɗe, sai ta fara ganin abin gyara a ko'ina, har ƙurar saman firij.

Wata Asabar cikin zafi, Kawu ya ce zai kai mu ta gwada sabon idonta. Muka haye gada zuwa tsohuwar unguwar Alexandria. Har yau ina jin ƙarnin ruwan nan haɗe da ƙamshin soyayyen kifi, ga gidajen jan bulo a manne da juna. Kawu ya ce a da nan jiragen ruwa ke sauke kaya, yanzu masu zane sun mayar da tsofaffin sito ɗakunan aikinsu. Bai sami wurin ajiye mota ba, sai ya sauke mu a ƙofar wani babban gini, ya kalle ni.

"Ki riƙe hannunta, kada ki saki. A nan ba a taɓa komai. Abin da kika ga kamar shara, wataƙila ya fi motar nan tsada. In aka ɓata, 'yan sanda ake kira."

Na kama hannun Kaka muka shiga.

Da farko lafiya lau. Kaka ta tsaya gaban wani zane, ta ce Allah ya shirya yaron da ya zubar musu da fenti. Ta yi wa wani mai ginin tukwane sannu da aiki, ya yi murmushi. Sai muka iso wani ɗaki fari fat, an gitta igiya a bakinsa. Cikinsa tsofaffin takalma ne birjik, na maza da na mata da na yara, kowanne a kife.

A gidanmu ba a wuce takalmi a kife. Ban taɓa tambayar dalili ba, na dai san Kaka tana iya ajiye lomar tuwo ta tashi don ta birkice shi.

"Mutanen gidan nan ba su da manya ne?" in ji ta.

Ta tuɓe jan takalminta na fata, ta ɗaga ƙafa ta tsallake igiyar.

"Kaka, Kawu ya ce ba a taɓawa."

"Ni na haife shi ko shi ya haife ni? Ke 'yar nan, sakar mini hannu."

Ku duba halin da na shiga. An ce kada a taɓa, an kuma ce kada in saki hannunta. Tun da na kasa tsare na farko, sai na riƙe na biyu da ƙarfi, ta ja ni muka shiga tare. Ta duƙa da hannu ɗaya tana birkicewa, tana haɗa kowane wari da ɗan'uwansa, tana jera su jikin bango. Ni kuwa ina salati ina tunanin ko a gidan yarin Amurka ana barin mutum ya yi alwala. Mutane suka taru suna ɗaukar hoto, sun zaci wasa ne aka shirya. Wani dattijo har da tafi.

Ta kusa gamawa sai ga mai ɗakin, wata Baturiya mai furfura, wandonta duk fenti. Ta tsaya ta dafe kai. Kawu ma ya iso yana zufa, ya shiga ba ta haƙuri da Turancin da ban taɓa jin ya yi sauri haka ba. Sannan ya juyo ya ce, "Inna, duk sanyin bana ta yi tana kife su ɗaya bayan ɗaya, don tunawa da ma'aikatan tashar jiragen ruwan nan da suka shuɗe."

"To mamatan ne suka ce a kife musu?"

Matar ta zauna a ƙasa, kafaɗunta na rawa. Har gobe ban san dariya take ko kuka ba. Da ta ɗago, ba ta kira kowa ba. Sai ta nuna jan takalmin Kaka, ta roƙi a bar mata shi a madadin wahalarta. Kaka ba ta iya hana wanda ya buɗe baki ya roƙa.

"Na ba ta. Amma ka gaya mata da sharaɗi, kada ta kife mini shi."

Kawu ya faɗa wa matar wata 'yar gajeruwar magana da Turanci, ya tura mu waje. Kaka ta saka takalmina, ni na taka bulo mai zafi da safa har inda ya ajiye mota, kuma da nisa.

Kaka ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yana yanzu tsallake takalmi suke yi a kife, ko a jikinsu. Abin da ke damuna shi ne, maganar da Kawu ya yi ta yi gajarta da yawa, ban ga inda sharaɗin zai shiga ciki ba. Na tambaye shi ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce bai tuna ba.

Don haka ina roƙon duk mai karatu da ke zaune wajen can, in hanya ta bi da shi ta bakin kogin, ya leƙa ɗakunan masu zanen. Jan takalmi ne na fata, dunduniyar hagun ta cinye. In kun gan shi, don Allah kada ku taɓa, ana kiran 'yan sanda. Ku dai gaya mini ina bakinsa yake kallo, sama ko ƙasa.