As ɗaya tilo a hannun Ogutu

Ogutu ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran injin jirgin ruwa a Kisumu ta ƙasar Kenya, amma ka tambayi kowa a bakin tafki, ba mai ce maka makanike ne. Cewa za a yi, "Au, tsohon nan na karta?" Shi ya kawo musu wasan da ake kira Omaha, kuma duk Asabar, da an ci tuwon masara da soyayyar karfasa, sai a ja tebur zuwa inuwar bayan rumfar kifin Akumu a zauna.

Kati huɗu ake ba kowa, a jera biyar a tebur. Dole ka haɗa biyu daga hannunka da uku na tebur, ba ƙari ba ragi, kuma ba ka zuba kuɗin da ya wuce abin da ke tsakiya. Ƙa'idar biyu da uku ita ke kayar da sabon shiga, kuma Ogutu bai taɓa yafe ta ga kowa ba. Har limamin cocinsu ya taɓa sha da ƙyar a kanta.

Shi wasansa na jira ne. Ba ya biyan ko shilin don ganin kati na gaba sai ya tabbata in katin ya faɗo babu mai doke shi. Akumu kuwa wuta ce, komai ta gani sai ta bi, musamman in tana neman haɗa kati biyar masu alamar zuciya.

"'Yar Seme," yakan ce mata, da sunan garinsu, "kina jiran zuciya ta biyar da ɗan bakwai a hannu. To in ta zo fa? Wa ya ce miki ba ni da as, babban katin da ya fi kowanne?"

"Rufe mini baki, tsoho. Kai da kake zama kamar kaza a kan ƙwai."

Shekara ashirin suna haka, kuma na rantse ba abin da yake so a duniya kamar wannan tsiyar.

Sai bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Ya tashi, amma hannun hagu ya yi nauyi, magana ta ɗan ja. Da ya dawo tebur aka sa masa kujera mai matashi. Ya ci ranar, ya ci Asabar ta gaba, ya sake ci. Mutumin da ya san karta ya san sa'a ba ta zama haka. Ya lura da ya zuba kuɗi sai kowa ya kife katinsa ya janye, har Akumu, wadda yanzu "sannu Baba" take ce masa. Abin ya ci masa rai fiye da ciwon. Ya ƙudura a ransa zai gwada su sau ɗaya, in tausayinsa ake ji, ya bar teburin ke nan har abada.

Ranar ta zo da kanta. Wekesa direba, mai rabon kati, ya jera biyar a tebur, huɗu masu zuciya. Ogutu na da as ɗin zuciya, sauran ukun nasa baƙaƙe ƙirin. Zuciya ɗaya a hannu ba ta haɗa komai, ko yaron goye a teburin ya sani. Ya zuba iyakar abin da ƙa'ida ta yarda. Kowa ya kife, sai Akumu, da hannunta ya riga hankalinta, ta biya.

Ya baje katinsa. "Biyar masu zuciya," in ji shi, "da as a sama."

Wekesa ya dubi katin, ya dubi ƙasa, ya fara tura masa kuɗin a hankali. "Ka ci, Baba," ya ce.

Ogutu ya laluba sandarsa a gefen kujera zai tashi. Akumu ta riga ta miƙa katinta a kife za ta jefa cikin sauran. Hannun ya tsaya. Ya ga tana haɗiye magana, ta haɗiye, ta sake haɗiyewa.

"Kai, wallahi ba zan iya ba!" Ta buga katin a tebur, zuciya biyu ƙanana. "Wekesa, cire hannunka daga kuɗina! Zuciya nawa ce a hannunsa? Ɗaya! Kai tsohon banza, kai da ka hana mu sakat shekara ashirin a kan biyu da uku, yau ni za ka yi wa fashi da rana tsaka? Ciwon a hannu yake ko a ido?"

"Haba Akumu," in ji Wekesa, "ki ji tausayin—"

"Tausayin me? Wata biyu ina zubar da kati mai kyau saboda shi, har barci ba na yi!"

Ta kwashe kuɗin tas, tana huci. Sai ta ɗago ta ga tsohon na dariya, kafaɗa na girgiza, hawaye na bin kumatunsa.

"La! Da gangan ka yi, munafuki."

Ogutu ya jingine sandar, ya share fuska da hannun da ke aiki.

"Wata biyu ba wanda ya zage ni, 'yar Seme. Na ɗauka na mutu ba a faɗa mini ba." Ya ƙwanƙwasa tebur. "Wekesa, raba."