Ranar da Na Yi wa Inna Tafinta

A unguwar Adjamé aka haife ni, a wani gidan haya bayan shiyyar Bracodi. Iyayena daga Nijar suka zo, amma ni Faransanci ya fi zama a bakina fiye da Hausa. Bayan da harbe-harbe suka lafa a garin, aka fara buɗe shaguna, ni ma na koma rumfar atamfata kusa da kasuwar Roxy.

Akwai wata malamar asibiti da ke sayen zane a wurina. Wata rana ta tsaya ta gaya mini cewa wasu ƙungiyoyin ƙasashen waje sun kama gida a unguwar Treichville, suna kula da matan da 'yan bindiga suka yi wa fyaɗe lokacin rikici. Akwai likita, akwai magani kyauta, akwai kuma wadda aikinta ta zauna ta saurari mace. Ta ce suna da mai jin yaren Jula da mai jin yaren Baule, amma ba su da mai jin Hausa.

"Matanku ba sa zuwa," in ji ta. "Ko su babu abin da ya same su?"

Na san ya same su. Na dai ce zan riƙa zuwa Talata da Alhamis in yi musu tafinta.

Na yi wata guda ina zuwa, ina zama a benci, babu Bahaushiya ko ɗaya. Ran nan da hantsi aka ce in shigo, an sami wata. Ina ɗaga labule sai na ga Inna. Aminiyar mahaifiyata ce, mai sayar da kayan yaji, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita ta yi wa uwata wankan jego lokacin da aka haife ni. A gida ta ce za ta tashar mota ta Gare de Bassam karɓar kaya.

Muka kalli juna. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ƙasa-ƙasa. Da malamar da ke karɓar bayani ta gane mun san juna, sai ta ce ko a ɗaga sai an samo wata mai tafinta. Na faɗa wa Inna.

"Idan na fita yau, ba zan dawo ba," ta ce. "Ɗiyata, juya mini baya."

Na juya kujerata na fuskanci bango. Haka na yi aikin, tana magana a bayana, ina mayarwa da Faransanci.

Ta ce da rana tsaka 'yan bindiga suka shigo gidansu suna neman maza. Babu namiji ko ɗaya, duk sun gudu. Ta tura 'yan mata biyu na maƙwabta bayan buhunan barkono, ta rufe su da tabarma, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce musu ta haife su, su ji tsoron Allah. Suka yi dariya. Daga nan abin da ta ce kawai shi ne, "Suka yi abin da suka yi."

Malamar ta ce a takarda ana buƙatar kalmar a fili, in tambaye ta. Ta yaya zan tambayi Inna wannan? Sai na faɗi kalmar da kaina da Faransanci, aka rubuta.

Tun daga ranar da abin ya faru ba ta iya riƙe fitsari. Shi ya sa ta daina zuwa biki da suna, ta daina zama cikin mata. A unguwa kuwa ana ta cewa Inna ta sauya hali, ba ta son mutane.

An yi mata aiki, jikinta ya warke. Amma ba ta daina zuwa ba. Kowace Alhamis tana zuwa wurin mai sauraro, ni kuma ina mayarwa. Wani lokaci ba maganar ranar take yi ba, sai labarin ƙauyensu da rijiyar gidan mahaifinta. A tasha ba ma shiga mota ɗaya. Takan bari tawa ta tashi tukuna.

Bayan kamar shekara guda aka tara mu aka ce masu tallafin sun juya wata ƙasa inda sabon yaƙi ya ɓarke, za a rufe gidan a ƙarshen wata. Malamar tana faɗa tana share hawaye. Ni na mayar wa Inna wannan ma.

Inna ta ce, "Allah ya tsare matan can. To ni yanzu wa zan faɗa wa?"

"Ga ni, Inna. Ki zo rumfata duk lokacin da kika so."

"A'a. Ke ɗiyata ce. A ɗakin nan ne kawai kika zama baƙuwa."

Ba ta taɓa zuwa ba. Idan muka haɗu a hanya, gaisuwa ce kawai, ta tambayi yara, ta wuce. Da damina ta zagayo ta sayar da kayanta ta koma Nijar, ba ta yi wa kowa sallama ba, har mahaifiyata.

Bara aka bugo waya cewa ta rasu. Mahaifiyata ta yi kuka sosai, ta ce shekara talatin suna cin abinci a kwano ɗaya, amma har yau ba ta san laifin da ta yi wa aminiyarta ba da ta guje ta haka.

"Ba ki yi mata komai ba, Mama," na ce.

"Ke ina kika sani?"

Na tashi na ɗora ruwan shayi saboda masu zuwa gaisuwa.